Zoben Ƙoƙon Kai da Na Gane Maƙerinsa

Shekarun baya, lokacin da idona bai fara gajiya ba kuma ban rufe shagona na unguwar Zahir a Makka ba, wani abu ya faru tsakanina da abokina wanda ban taɓa rubuta shi ba. Ku da kuke bibiyar ɗan abin da nake rubutawa kun saba ji daga gare ni a kan mas'alolin tsarki da gado da ladubban ɗalibi. Yau labarin wani zobe zan ba ku, kuma ku sani tun daga farko cewa ba ni ne mutumin kirkin da ke cikin labarin ba.

Ni ɗan maƙeri ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, Bakano ne. Ya zo Makka a ƙasa yana saurayi, ya sauke farali, bai koma ba, ya buɗe maƙerar azurfa a tsohuwar unguwarmu wadda yau ko tubalinta babu. A gabansa na koyi zubi da goge da zana suna a kan zobe. Da hantsi ina maƙera, bayan Azahar ina Harami a gaban malamai da littafi a cinyata. Haka na rayu tsakanin magagari da alƙalami, har ya zama masu tambayar fatawa suna ce mini Malam, masu kawo azurfa su ma suna ce mini Malam, ni kuwa na ɗauka duka biyun na cancanta.

Abokin nawa iyayensa mutanen Damagaram ne. Tare muka tashi a lungu ɗaya. Ya shafe shekaru yana tuƙa motar alhazai daga unguwarsa ta Kudai har gwiwa ta hana shi. Bayan matata ta rasu, 'ya'yana kuma aiki ya raba su tsakanin Jidda da Riyad, ga shi Hausarsu ba ta wuce gaisuwa, sai ya zama shi kaɗai ne ya rage mini a kusa wanda zan buɗe baki in yi doguwar hira da shi da harshen da mahaifiyata ta rene ni. Kullum bayan La'asar yakan hau mota ya zo shagon, ya ja kujera ya zauna, ya ce, "To Bakano, yau wa ka cuta?" In ce, "Ina jiran Badamagare ne, su ne masu sauƙi." Sai mu sha shayi, mu yi gardama a kan abin da bai kai gardama ba, har a kira Magariba mu tafi masallaci tare.

Mahaifinsa ya yi wa Faransa soja a babban yaƙin Turawa na biyu. Mu dai a Makka ba mu san shi da kaki ba. Mun san shi da sanda a kafaɗa da garwa biyu, yana kai ruwa gida-gida, mutum mai shiru, wanda yaran unguwa suke bi suna sara masa irin ta soja don tsokana, shi kuwa ba ya waiwaye. Abu guda ya bar wa ɗansa: zoben azurfa mai siffar ƙoƙon kan mutum. Ya ce masa a ƙasar Turai ya zare shi daga yatsan wani hafsan Jamus da suka kama. Abokina ya ba ni wannan labari ban san sau nawa ba, kowane karo dusar ƙanƙarar tana ƙara yawa, hafsan yana ƙara tsawo. Amma zoben ban taɓa riƙe shi ba. Ya san ra'ayina a kan sura, don haka ya bar shi a naɗe a gida, ni ma ban taɓa cewa ya kawo in gani ba.

Wata rana ya zo bai tambaye ni wa na cuta ba. Ya zauna, ya ce babban ɗansa ya haɗu da wani mutumin Jidda mai tara kayan tarihi na yaƙi, hulunan ƙarfe da lambobin girma da irin waɗannan zobba, kuma mutumin zai zo gidansa ranar Alhamis ya duba. Na ce sayarwa zai yi? Ya ce, "A'a wallahi. Jikokina ne. In na ba su labarin kakansu sai su dubi juna su yi murmushi, su ce ɗayyib ya Jaddi, wato to mun ji, Kaka. Ina so wanda ya sani ya faɗa a gaban ubansu cewa gaskiya ne." Sannan ya ce, "Mutumin ya ce shi siffa ya sani, bai san ƙarfe ba, a samo masa maƙeri. Na ce ina da wani Bakano, ba shi da kirki amma yana da ido."

Na yi dariya, na ce zan zo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin a ce ina da ido.

Ranar Alhamis bayan La'asar na tafi Kudai da dutsen gwaji da 'yar kwalbar ruwan gwaji da gilashin da nake ƙara girman abu da shi. Mu huɗu ne a ɗakin baƙi: ni, da abokina, da ɗansa, da baƙon. Abokina ya sa farar riga sabuwa, ya yi turare, kamar ranar ɗaurin aure. Baƙon mutum ne mai ladabi, ya sumbaci kaina ya kira ni Shaihi, sannan ya buɗe wani babban littafi mai hotuna ya fara yi mana bayani da Larabci.

Ya ce irin waɗannan zobba jabunsu ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba, domin tun da aka gama yaƙin ake ƙera su ana sayar wa masu sha'awa. Ya ce abin da ake dubawa huɗu ne. Na farko yadda aka yi shi: na gaske aikin masana'anta ne, zanensa a tsaye yake, gefe da gefe daidai, ba ka ganin 'yan ramukan da zubi yake bari. Na biyu wurin haɗi: bakin zoben biyu sukan haɗu ne a ƙarƙashin ƙoƙon kan, a rufe su da shi. Na uku rubutun ciki, wanda aka zana da hannu, mai ɗauke da sunan wanda aka ba. Na huɗu cin da yatsa yake yi wa ƙarfe, domin tsufan da shekaru suka yi daban yake da wanda aka yi da takardar goge. Ya nuna mana ganyen da ke kewaye da zoben a hoto, ya ce ganyen wata babbar bishiya ce ta ƙasarsu. Ya kuma ce rundunar da aka fi sani da irin wannan zobe ta yi wa bayin Allah kisan da ba ya faɗuwa. Na yi ta'awwuzi a zuciyata, ina mamakin yadda mutum zai cika ɗakinsa da kayan azzalumai.

Sai abokina ya kwance ƙyallen. Ya miƙa wa baƙon da hannu biyu. Baƙon ya juya shi, ya sake juyawa, ya leƙa ciki, ya ce babu rubutu. Abokina ya ce, "Ya goge ne. Mahaifina ruwa yake ɗauka." Baƙon ya ce mai yiwuwa, cikin muryar mutumin da ba ya son ya ɓata wa dattijo rai a gidansa. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Shaihi, me ƙarfen ya ce?"

Na goga shi a dutse, na ɗiga ruwa. Azurfa ce mai kyau, irin ta tsoffin kuɗin da ake narkarwa a da. Na sa gilashi. Abin da na fara gani shi ne 'yan ramukan zubi a cikin kwarmin idon ƙoƙon. Babu wurin haɗi ko ɗaya, gaba ɗayansa aka zuba shi, wato an fara siffanta shi da kakin zuma, aka lulluɓe da yumɓu, aka narkar da kakin aka zuba azurfa a gurbinsa. Na dubi ganyen. Ba irin na hoton ba ne mai yatsu-yatsu. Ƙanana ne, masu zagaye, kowane da jijiya uku. Ganyen magarya ne. Na dubi fuskar ƙoƙon, na ga wani siririn layi da aka ja da gangan daga goshi zuwa haɓa, ya raba ta biyu. Na san mutum ɗaya tak da yake yin haka. Idan dole ta sa shi ƙera abu mai kama da mai rai, sai ya tsaga fuskar da layi, ya ce bai yarda ya tashi ranar ƙiyama da cikakkiyar sura a wuyansa ba.

Na juya zoben na leƙa ciki, can gefen da babu mai dubawa. Ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda aka buga da ɗan ƙarfe mai tsini. Wannan ƙarfen yana cikin aljihun teburina a Zahir a wannan lokacin.

Shekara fiye da talatin ban ga sabon abu daga hannun mahaifina ba. Duk abin da ya bari na san shi, na haddace shi. Sai ga wani aikinsa da ban taɓa gani ba a tafin hannuna, da sawun magagarinsa, da yadda yake karkata shi hagu saboda ciwon wuyan hannu. Na manta da inda nake. Na manta da wanda yake zaune a gabana cikin sabuwar riga. Na ɗaga kai ina murmushi, hawaye a idona, na ce da Larabci yadda kowa zai ji, "Wannan aikin mahaifina ne. A nan Makka aka ƙera shi. Ku zo ku ga alamarsa."

Kuma ban tsaya nan ba. Na jawo baƙon na nuna masa ɗigon, na nuna masa ganyen, na yi masa darasi a kan zubi da kakin zuma, na ce ai maƙerin bai taɓa ganin waccan bishiyar ba, an ce masa ganye sai ya yi wanda ya sani. Baƙon yana ta cewa masha Allah, yana rubutawa. Sai da na gama na lura ɗakin ya yi tsit. Ɗan abokina ya sunkuyar da kai yana kallon darduma. Abokina kuwa yana kallona. Ya ce da Hausa, a hankali, "Malam, ka tabbata?"

Tun da muke bai taɓa ce mini Malam ba sai in zai yi mini ba'a. Wannan ba ba'a ba ce. A nan ne ya kamata in farka. Amma abin da na ce shi ne, "Kamar yadda na tabbata da sunana."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi zoben ya naɗe shi. Ya ce wa ɗansa ya ƙara wa baƙi gahawa. Ya raka ni har bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce, "Allah Ya saka da alheri. Ka sha wahala."

Washegari bai zo shago ba. Na ce Juma'a ce. Asabar bai zo ba, na ce gwiwa ce. Na kira shi a waya, ya amsa, ya tambayi lafiyata da ta yara, ya ce yana nan, sai dai jiki. A waɗannan kwanaki na zauna na kare kaina a gaban kaina da hujjoji masu kyau. An tambaye ni shaida, na bayar. Ɓoye shaida laifi ne, shaidar zur ta fi shi muni. Na jero wa kaina maganganun malamai a kan haka babi-babi, kuma duk daidai ne. Sai dai bayan La'asar in na ɗora shayi, ruwan mutum biyu nake zubawa, in ya tafasa in rasa yadda zan yi da rabi.

Da aka yi kusan wata guda, na tafi unguwar Aziziyya wurin yayata. Ta girme ni da shekaru masu yawa, tana zaune a gidan ɗanta, ba ta gani sosai amma ba ta manta komai ba. Na ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Auta, a gaban ɗansa ka faɗa?" Na ce e. Ta ce, "Da baƙo?" Na ce e. Ta ce, "To karatun naka ina ya tafi ranar, ko a shago ka baro shi?"

Sannan ta faɗa mini abin da ta sani. Ta ce tana budurwa lokacin, ni ina rarrafe. Mai ruwan, mahaifin abokina, ya yi ta zuwa wurin mahaifinmu kwana da kwanaki. Ya taɓa mallakar zobe irin wannan, ya zo da shi tun daga yaƙi, amma a bakin teku ta wajen Sudan, da aka hana su jirgi, matarsa kuma tana da tsohon ciki, ya ba da shi aka tsallakar da su. Cikin nan shi ne abokina. Yana so ya bar wa yaron abin da zai nuna cewa ubansa ya taɓa zama wani abu kafin garwa. Mahaifinmu ya ƙi, ya ce ba ya ƙera kan matacce. Mutumin bai yi musu ba, ya ci gaba da kawo mana ruwa, in ya juye ya tsaya a bakin maƙera shiru. Ta ce wata rana ta ji mahaifinmu yana ce wa mahaifiyarmu, "Mutumin nan ba zobe yake roƙo ba." Sai ya ƙera masa, mai ruwan yana siffanta masa da baki shi yana murza kaki. Da aka gama ya tara su ya ce wannan magana ta mutu a gidan nan.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba a taɓa faɗa mini ba?" Ta ce, "Kai da ba a faɗa maka ba ma ai ga shi mun gani."

Na fito daga wurinta na wuce Kudai kai tsaye. Na sami abokina a kwance a ɗakin baƙi, ya tashi zaune da ƙyar. Na ba shi labarin duka, na ce mahaifinka bai yi ƙarya a kan yaƙi ba, zoben gaske ya wanzu, kai ne aka saya da shi. Na ce a kira ɗanka in maimaita a gabansa, in ya so in rubuta in sa hannu. Na roƙe shi gafara.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na yafe maka tun ranar. Ai ba ƙarya ka yi ba." Ya gyara zama. "Amma ka ga, da ina da zobe da labari. Yanzu ina da labari, da wata tsohuwa makauniya da ta ce ta ji. Kana ganin jikokina za su daina murmushi?" Na ce zan yi musu bayani da kaina. Ya ce, "Bar shi. Abin da ya fi damuna ba su ba ne. Shekara nawa ina zaune da mutumin nan, ina wanke masa ƙafa da ya tsufa, bai iya ce mini ɗana, na gasken na sayar saboda kai ba. Ubanka ya sani, uwarka ta sani, yayarka ta sani. Ni ne kawai."

Duk abin da na karanta, babu babin da ya zo mini.

Bayan wannan ya dawo shago sau uku ko huɗu. Mukan gaisa, mu sha shayi, mu yi maganar zafi da tsadar haya da waɗanda suka rasu. Sau ɗaya na ce masa, "Badamagare, yau ba ka tambaye ni wa na cuta ba." Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai na sani." Ya faɗe shi ne da wasa, na kuma yi dariya, amma daga ni har shi babu wanda ya ƙara. Da shekara ta zagayo ɗansa ya sami canjin aiki zuwa Jidda ya tafi da shi. Mukan yi waya a Sallah.

Ranar da ya rasu, ɗansa ya kira ni da rana ya ce suna hanya, za a yi masa salla a Harami bayan La'asar kamar yadda ya yi wasiyya. Na tafi da wuri, amma lokacin Umara ne, cunkoso ya tura ni can baya a bene. Da aka idar aka yi kiran sallar mamata, na miƙe cikin dubban mutanen da ba su san shi ba. Daga inda nake ba na hango makara ko ɗaya, kuma na san ba shi kaɗai aka kawo ba. Na yi kabbara huɗu, na yi masa addu'a da sunansa da sunan mahaifinsa. Kafin in sauko in kai ƙofa an riga an wuce da su.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Har yau ban ce da na yi ƙarya ba, kuma da za a sake miƙo mini zoben ba zan ce na Jamus ne ba. Amma tsakanin ƙarya da abin da na yi akwai fili mai faɗi, kuma na san shi, na koyar da shi. Ina iya cewa azurfa ce mai kyau, tsohuwa ce, sauran ina so in ƙara dubawa. Ina iya jan abokina gefe bayan baƙo ya tafi. Ina iya zuwa wurin yayata kafin in buɗe baki, in kawo masa labarin tekun tare da labarin maƙerar a rana ɗaya, mu biyu, da Hausa. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, ko da yake da shi na fake daga baya. Murna ce ta ganin hannun mahaifina, da jin daɗin a ce na gane abin da mai littafi bai gane ba. Na tsaya ina kallon ubana, ban ga ina taka na abokina ba.

Mahaifina bai yi karatun da na yi ba. Izu kaɗan ya haddace, da abin da zai gyara sallarsa. Amma ya riƙe sirrin mai ruwa har kabari, yana ganinsa kullum, yana ganin ɗansa yana wasa da ni a ƙofar maƙera. Na gaji idonsa da kayan aikinsa, har na fi shi sanin sunayen abubuwa, shirunsa ne ban gada ba.

Yanzu na rufe shago. Bayan La'asar nakan zauna a gida, in buɗe littafi, wani lokaci in kama kaina ina karanta Larabci ina fassara wa bango da Hausa, don kada harshen ya yi tsatsa a bakina. In an kira Magariba nakan tashi in tafi masallaci, tafiyar ba ta da nisa. Wanda ya karanta wannan, in ya ga dama, ya sa wani direban alhazai da mahaifinsa mai ruwa a cikin addu'arsa. Ni ma ya sa ni, amma su ya fara.